Gano manhajojin bot a wasannin intanet

Bot, a fagen wasannin intanet, manhaja ce da take buga wasa a madadin mutum. Ita ce take tafiyar da jarumin ɗan wasa, ta yi faɗa, ta tara zinare ko wasu kayan cikin wasa, ta kuma maimaita aiki guda na tsawon sa'o'i alhali mai asusun ba ya gaban kwamfutarsa. An fi samun ta a wasannin da dubban mutane suke bugawa tare a lokaci ɗaya, irin su World of Warcraft, RuneScape da Lost Ark. Manyan kamfanonin wasanni sun haramta amfani da ita a cikin yarjejeniyar da ɗan wasa yake amincewa da ita lokacin buɗe asusu. Sai dai sau da yawa ba sa yin hukunci a ranar da suka gano mai laifi. Saboda haka mai amfani da bot yana iya shafe makonni yana ganin ya tsira, alhali tuni sunansa ya shiga jerin waɗanda za a rufe wa asusu.

Dalilin yaƙi da bot

A cikin waɗannan wasanni akwai kasuwa, kuma 'yan wasa suna cinikin kayan da suka sha wahala kafin su samu. Idan dubban bot suka yi ta haƙo kaya iri ɗaya dare da rana, farashinsa yakan faɗi, zinare kuma ya yi yawa har darajarsa ta ragu. Wasu masu bot suna sayar da zinaren da kuɗi na gaske a shafukan da kamfanin bai amince da su ba. A wasannin harbi kuwa ɓarnar ta fi fitowa fili. Tun daga wajajen shekarar 2020 bot masu saitin da ba ya kuskure suka cika wasan Team Fortress 2 na kamfanin Valve, har 'yan wasa suka yi gangamin #SaveTF2 a 2022 da #FixTF2 a 2024. A tsakiyar 2024 ne kamfanin ya rufe asusu masu yawa.

Hanyoyin ganowa

Hanya ta farko ita ce binciken kwamfutar ɗan wasa. Valve ya fito da Valve Anti-Cheat a 2002, Blizzard kuma yana da Warden, wanda yake duba abin da ke gudana a kwamfuta yayin wasa domin neman alamun sanannun manhajojin maguɗi. Da masu kera bot suka koyi ɓoye manhajojinsu, sai kamfanoni suka zurfafa binciken zuwa zuciyar tsarin Windows, inda manhaja take da iko mafi girma. Vanguard na kamfanin Riot Games, wanda ya zo tare da wasan Valorant a 2020, yana fara aiki ne tun lokacin da aka kunna kwamfuta. A 2024 aka shigar da shi cikin League of Legends.

Hanya ta biyu ba ta buƙatar taɓa kwamfutar kowa. Kamfani yana nazarin ɗabi'ar ɗan wasa daga bayanan da suke isowa na'urorinsa. Mutum yana gajiya, yana kuskure, yana tsayawa ya ci abinci ko ya amsa gaisuwar abokin wasa. Bot kuwa tana bin hanya ɗaya, tana danna wuri ɗaya, tana iya kwana tana aiki ba hutu. Ana kuma bin sawun zinaren da kansa: idan asusu da yawa suna tura dukiyarsu zuwa asusu guda, kama ɗaya yana iya tona asirin sauran.

Hanya ta uku ita ce tarko. A watan Fabrairu na 2023 Valve ya sanar da rufe asusu sama da 40,000 a wasan Dota 2. Kamfanin ya ce ya saka wani sashe na bayanai a cikin wasan wanda ba a taɓa karanta shi a wasa na halal, sai manhajar maguɗi kaɗai. Duk asusun da ya karanta sashen ya fallasa kansa. Bayan waɗannan akwai rahoton da 'yan wasa suke kai wa kamfani kan wanda suke zargi, da kuma sauya tsarin wasan domin tsofaffin bot su daina aiki, kamar yadda kamfanin Jagex na Ingila ya yi wa RuneScape a ranar 25 ga Oktoba, 2011.

Hukuncin taron dangi

Jinkirta hukunci dabara ce. Idan aka rufe asusu a minti ɗaya da kunna bot, mai kera ta zai yi ta gwaji har ya gane abin da ya tona ta, ya gyara. Amma idan aka bari makonni suka wuce sannan aka rufe dubban asusu a rana guda, ba zai san wace sigar manhajarsa aka gano ba, ko yaushe. A watan Mayu na 2015 Blizzard ya dakatar da ɗimbin asusun World of Warcraft na tsawon wata shida, kuma rahotanni sun ce adadin ya haura 100,000. A watan Yuni na 2020 ya sake sanar da hukunta asusu sama da 74,000. Amazon Games ma ya ce ya rufe asusu sama da miliyan ɗaya a Lost Ark a watan Maris na 2022. Wannan ne ya sa alƙawarin da masu sayar da bot suke yi cewa ba a iya gano manhajarsu ba shi da madogara, domin su kansu ba su da hanyar sanin abin da kamfani ya riga ya tattara.

Wanda asara take faɗa wa

Hukunci ɗaya ne, amma nauyinsa ya bambanta. Masu sana'ar noman zinare suna buɗe asusu da yawa, suna kwashe ribar kafin a kama su, kuma rufe asusu a wurinsu ɓangare ne na kuɗin jari. Ɗan wasan da ya gwada bot a asusunsa na shekaru, domin kawai ya huta da wani aiki mai gundura, shi ne yake rasa jarumai, kaya da duk kuɗin da ya kashe. A dandalin Steam haramcin Valve Anti-Cheat na dindindin ne, kuma yana bayyana a shafin mai asusun. Wasu kamfanoni suna haɗa haramcin da lambobin shaidar sassan kwamfutar, ta yadda buɗe sabon asusu ba zai yi amfani ba. Akwai kuma haɗarin manhajar kanta: a 2021 kamfanin Activision ya fitar da rahoto kan manhajar cutarwa da aka riƙa tallatawa da sunan kayan maguɗin wasan Call of Duty: Warzone.

Shari'o'i

Masu kera bot sun fi fuskantar kotu. Kamfanin MDY Industries na Michael Donnelly, mai manhajar Glider, ya fara shari'a da Blizzard a 2006. A watan Disamba na 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke cewa masu amfani da Glider ba su keta haƙƙin mallaka ba, amma kaucewa Warden da manhajar take yi ya saɓa wa dokar DMCA. A 2017 wata kotu a jihar Kalifoniya ta umarci kamfanin Bossland na Jamus, mai manhajar Honorbuddy, ya biya Blizzard kusan dala miliyan 8.6. A Koriya ta Kudu doka ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara biyar ko tarar won miliyan 50 ga mai kera ko rarraba irin waɗannan manhajoji.

Kurakurai da suka

Hanyoyin ganowa ba su tsira daga kuskure ba. A watan Yuli na 2010 Valve ya haramta wa kimanin mutum 12,000 wasan Call of Duty: Modern Warfare 2 bisa kuskure, daga baya shugaban kamfanin, Gabe Newell, ya ba da haƙuri aka janye hukuncin. A watan Janairu na 2023 an rufe asusun 'yan wasan Lost Ark da suka daɗe ba su shiga ba yayin farautar bot, kafin a mayar musu. Ɗaukaka ƙara yana da wuya, domin kamfanoni ba sa nuna hujjarsu, gudun kada masu kera bot su amfana da ita.

Masu kare sirrin jama'a sun soki Warden tun 2005, suna kwatanta shi da manhajar leƙen asiri, kuma muhawarar ta ƙara zafi da zuwan Vanguard. Tambayar da take gaban kamfanoni yanzu ita ce iyakar ikon da za su nema a kan kwamfutar ɗan wasa mai gaskiya domin kama wanda ba ya gaban tasa. Wasu masu maguɗi sun fara amfani da kwamfuta ta biyu wadda take kallon hoton allo tana aika umarni kamar linzami na gaske. Binciken kwamfutar farko ba lallai ya ga komai ba a wannan yanayi, abin da yake ƙara wa nazarin ɗabi'a muhimmanci.