SHARHI: Bayan an yanke mama, wa zai biya kuɗin mayar wa mace da siffarta?

A shekarar 2010 wasu likitoci na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka wallafa sakamakon bibiyar da suka yi wa matan aure 81 waɗanda aka yanke wa mama saboda cutar kansa. Wata shida bayan tiyata, fiye da biyu bisa uku na matan sun ce suna jin kamar ba su cika mata ba. Da aka kai shekara uku, kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko kuma sun rabu da mazajensu.

Mata ba sa buƙatar karanta mujallar likitoci kafin su san wannan labari. Sun gan shi a gidan maƙwabta, sun ji shi a wurin biki da suna. Saboda haka idan mace ta taɓa ƙullutu a mamanta, lissafin da take yi a zuci ya wuce na rai da mutuwa. Tana lissafin ɗakinta, da 'ya'yanta, da irin kallon da dangin miji za su yi mata. Da yawa sukan zaɓi yin shiru, ko su koma ga jiƙe-jiƙe da shafe-shafe, har sai ciwon ya fashe.

Ƙididdigar hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2022 mata fiye da 32,000 ne suka kamu da kansar mama a Najeriya, sama da 16,000 kuma suka rasu. Wato duk mata biyu da aka gano da cutar, ana binne guda. Babban dalili shi ne mafi yawansu sai cutar ta kai mataki na uku ko na huɗu suke isa asibiti. Talauci na da hannu, nisan asibiti na da hannu, amma tsoron wuƙa da abin da zai biyo bayanta shi ma yana cikin masu laifi.

Likitanci yana da amsa ga wani ɓangare na wannan tsoro: tiyatar sake gina mama. Sai dai tsarin lafiyar Najeriya ya daɗe yana kallon wannan aiki a matsayin kwalliya. Duk wanda ya san wahalar da mace ke sha kafin ta warke daga gare shi ba zai kira shi haka ba.

Yadda aikin yake

Hanyoyi biyu ne manya. Ko dai a ɗebo fata da kitse, wani lokaci har da tsoka, daga bayan mace ko cikinta a gina mata mama da naman jikinta, ko kuma a dasa mata wata jaka mai ɗauke da silikon ko ruwan gishiri. Dashen jakar ya fi yawa a ƙasashe irin su Amurka da Birtaniya, domin tiyatarsa ta fi gajarta kuma ba ya barin wani sabon rauni a wani sashe na jiki.

Galibi a mataki biyu ake yin sa. Da farko likita zai sanya jakar wucin gadi a ƙarƙashin tsokar ƙirji ko a samanta, wadda aikinta shi ne miƙar da fata. Duk mako ɗaya ko biyu majinyaciya za ta koma asibiti a ƙara wa jakar ruwan gishiri da allura, har sai fatar ta buɗe gwargwadon girman da ake so. Bayan wasu watanni sai a sake shiga ɗakin tiyata, a cire ta wucin gadin, a sanya ta dindindin. Idan ana son a gyara kan maman ko a daidaita ɗayan da shi, wannan kuma wani aikin ne daban.

Jinyar da ba a faɗa

Mace kan fito daga asibiti da siraran robobi maƙale a gefen ƙirjinta, suna tsotse ruwa da jinin da ke taruwa a wurin aikin. Sukan yi mako ɗaya zuwa uku, kuma kullum sai an juye ruwan, an auna shi, an rubuta. Barci sai a rigingine. Ana hana ta ɗaukar abu mai nauyi na tsawon mako huɗu zuwa shida, ana kuma koya mata motsa kafaɗa sannu a hankali don kada ta sandare. Duk lokacin da aka ƙara wa jakar ruwa, ƙirji kan ɗaure na kwana ɗaya ko biyu.

Akwai gaskiyar da ya wajaba a faɗa wa mace tun kafin ta sa hannu a takarda. Maman da aka gina ba ya kawo nono. Mafi yawan lokaci fatar wurin kan zama ba ta jin taɓi, domin an yanke jijiyoyinta. Jakar kuma ba ta har abada ba ce: tana iya tsagewa, kuma jiki kan gina tabo kewaye da ita, wanda a wasu matan yakan taurare ya matse jakar har ya kawo ciwo ya karkatar da siffar. Shi ya sa Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Amurka ta ba da shawarar a ɗauki hoton MRI ko a yi sikanin bayan shekara biyar zuwa shida da dasa jakar silikon, sannan a riƙa maimaitawa duk shekara biyu zuwa uku.

Babban abin tsoro a makonnin farko shi ne ƙwayoyin cuta su shiga wurin. Zazzaɓi, ko jan fata, ko kumburi mai zafi, ko ruwa mai wari, alamu ne da ke buƙatar ganin likita a ranar. Jinkirin kwana biyu na iya sa a cire jakar gaba ɗaya, wahala da kuɗi su tafi a banza. Matan da aka cire wa kaluluwar hammata kuma suna fuskantar haɗarin kumburin hannu, wanda kan iya bayyana bayan watanni ko shekaru.

A ɗora wannan jadawali a kan rayuwar macen da ke zaune a wani ƙauye na Zamfara ko Yobe. Wa zai yi mata daka da ɗiban ruwa da wanki na mako shida? Wa zai ɗauki goyo? Kuɗin motar zuwa Zariya ko Maiduguri duk bayan mako biyu fa, da masauki, da na mai rakiya? Idan zazzaɓi ya taso cikin dare, asibitin da ke kusa ya taɓa ganin irin wannan aiki? Likita na gama nasa cikin 'yan sa'o'i, amma warkewa aikin watanni ne, kuma nauyinta a kan gida da aljihu yake sauka.

Makara tana rufe ƙofofi

Akwai wata sarƙaƙiya da ta fi shafar matan Najeriya. Wadda ta zo asibiti a makare kusan tilas ne a yi mata gashi da na'ura bayan tiyata. Gashin yana taurara fata, yana rage mata jini, yana kuma ƙara yiwuwar tabon da ke kewaye da jakar ya matse ko ɗinki ya buɗe. Don haka likitoci kan fi son gina wa irin waɗannan mata mama da naman jikinsu, aikin da ya fi tsawo, kuma wasu nau'o'insa na buƙatar ƙwararren da ya iya ɗinke ƙananan jijiyoyin jini a ƙarƙashin madubin likita. Irin waɗannan ƙwararru 'yan ƙalilan ne, yawancinsu a manyan birane, kuma guguwar ficewar likitoci zuwa ƙetare ba ta bar su ba.

Sai abin ya zama zagaye. Tsoron rasa mama yana sa a makara, makara kuma tana rufe hanya mafi sauƙi ta sake gina shi. Wadda ta zo da wuri ma wataƙila ƙullutun kawai za a cire, maman ya tsira.

Abin da doka ta ce

A Amurka, tun Oktoban 1998 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta tilasta wa tsare-tsaren inshorar da ke biyan kuɗin yanke mama su biya na sake gina shi, da na daidaita ɗayan, da na maman roba da ake sawa a cikin rigar mama, da na jinyar matsaloli irin su kumburin hannu. A Birtaniya hukumar lafiya ta ƙasa ce ke yin aikin ba tare da majinyaciya ta biya ba.

A Najeriya kuwa, ƙa'idojin aiki na 2012 na tsohuwar hukumar inshorar lafiya, NHIS, sun jera tiyatar gyaran siffar mama cikin abubuwan da inshora ba ta biya ko kwabo. A Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa NHIA, wadda ta mayar da inshorar lafiya wajibi, ta kuma tanadi asusun masu rauni. Amma har yanzu mafi yawan 'yan ƙasa ba su da inshora, kuma fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Asusun tallafa wa masu kansa da gwamnatin tarayya ta fara a 2021 ya shafi kansar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma ya soma ne da asibitoci shida: Zariya, Gombe, Abuja, Ibadan, Benin da Enugu. Kuɗin da ke cikinsa bai kai ko kusa da yawan masu nema ba. Ita kuwa jakar dashe daga waje ake shigo da ita, da dala ake sayenta. Dalar da ake canzawa a kan kimanin naira 460 a hukumance kafin Yunin 2023 ta haura naira 1,500 a 2024, shekarar da aka tsayar da mafi ƙarancin albashi a kan naira 70,000.

Hujjar masu cewa ba yanzu ba

Akwai masu cewa ƙasar da mata ke mutuwa saboda rashin kuɗin allurar kashe ƙwayoyin kansa, kuma ake jiran layin gashi na tsawon makonni, ba ta kai ga zancen siffa ba. Hujja ce mai nauyi, musamman ga gwamnatin da ta yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinta a Abuja a 2001 amma ta daɗe tana yawo a wajen kashi biyar. Sai dai hujjar ta ɗauka cewa ceton rai da siffa abubuwa ne mabambanta. A zuciyar macen da ke yanke shawarar zuwa asibiti ko ƙin zuwa, a haɗe suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin a riƙa gano aƙalla kashi 60 cikin ɗari na masu cutar a mataki na ɗaya ko na biyu. Da wuya a cim ma wannan a inda mata suka yi imani cewa ƙarshen zuwa asibiti shi ne tabo da takardar saki.

Wasu kuma kan tambayi hukuncin addini. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Malesiya, ta halatta tiyatar gyara lahanin da cuta ko haɗari ya haifar, ta kuma ambaci sake gina maman da aka cire a cikin misalanta.

Gyara kayanka

Buɗe ƙofa ba tare da mai gadi ba shi ma haɗari ne. A 2010 hukumomin Faransa suka gano cewa kamfanin PIP yana cika jakunkunansa da silikon na masana'antu, bayan an riga an dasa su a jikin dubban ɗaruruwan mata a ƙasashe da dama. An yanke wa mai kamfanin, Jean-Claude Mas, ɗaurin shekara huɗu a 2013. A Yulin 2019 kuma kamfanin Allergan ya janye wasu jakunkunansa masu kaushin baya daga kasuwannin duniya, saboda alaƙarsu da wata kansa da ba kasafai ake samunta ba. Birtaniya ta buɗe rajistar masu dashen mama a 2016 domin a iya nemo kowace mace idan irin haka ta sake faruwa. Tambayar da ya kamata majalisa ta yi wa NAFDAC da Ma'aikatar Lafiya ita ce: idan aka janye wata jaka gobe, ta yaya za a gano matan Najeriya da ke ɗauke da ita?

Matakan farko ba su da tsada. NHIA ta bayyana a rubuce cewa sake gina mama bayan kansa magani ne, ta raba shi da tiyatar ado. A sanya maman roba da rigarsa, da koyar da motsa kafaɗa, da nasiha ga mace da mijinta tare, cikin abin da asusun kansa ke biya. A wajabta wa duk asibitin da ke yanke mama ya yi wa mace bayanin zaɓin da take da shi, a harshen da take ji, kafin tiyata. Cibiyar NICRAT, wadda aka ɗora wa jagorancin yaƙi da kansa, ta riƙa wallafa adadin waɗanda aka yanke wa da waɗanda aka gina wa a kowace jiha.

Ba kowace mace ce za ta so a sake taɓa jikinta da wuƙa ba, kuma wadda ta zaɓi zama haka ba ta rage komai daga mutuncinta ba. Abin da ake nema shi ne ita ta zaɓa, bayan an faɗa mata gaskiyar daɗi da wuyar kowace hanya. A halin da ake ciki, farashin dala da wani layi a cikin kundin inshora ne suke zaɓa mata.