WAI SHIN KOMAI NASSI NE?

'Yan uwana mata, akwai wata kalma da aka mayar da ita sandar duka a gidajenmu, ita ce NASSI. Da zarar mace ta ce "don me?" sai a ce mata, "Ke rufe mana baki, nassi ne!" Shi ke nan sai ta yi tsit, don wa zai ja da Allah?

To wai mene ne nassin? Kalmar Larabci ce, malamai kuma suna nufin lafazin da ya zo a Alƙur'ani, mai sura 114, izu 60, ko a ingantaccen hadisin Manzo (SAW). Hatta su Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da muke biyawa a Islamiyya, littattafan fiƙihu ne da malamai suka wallafa don su fahimtar da mu nassi. Muna girmama su, amma su ba wahayi ba ne.

In haka ne, ina nassin da ya hana shara da dare? A wace sura aka hana mai ciki cin ƙwai? Wane hadisi ne ya ce kada uwa ta kira sunan ɗanta na fari? Haba jama'a! Waɗannan al'adu ne da camfe-camfe, wasu na kunya, wasu na cutarwa.

Kada ki ce abin wasa ne. Dubi wankan jego. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da wanka da tafasasshen ruwa da kwanciya kan gadon wuta da yawan shan kunun kanwa. Amma har yau akwai yarinyar da za ta daure tana ƙuna, don an ce mata addini ne. Kwana arba'in ɗin ma, a fiƙihu maganar jinin biƙi ake yi, babu batun ruwan zafi.

Wasu za su ce ina zuga mata su raina manya. A'a. Tambaya ba rashin kunya ba ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da kansa ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu cikin jahilci, 'yarsa Nana Asma'u kuma ta tura jajis ƙauye-ƙauye suna karantar da mata. Ga tarjamar Alƙur'ani ta Hausa ta Shaihu Abubakar Gumi tun 1979. Wane uzuri ya rage mana?

Don haka 'yar uwa, ko Maigida ne, ko Hajiya, ko Inna, in an ce nassi ne, ki russuna cikin ladabi ki ce, "Don Allah a wace sura yake, in je in karanta?" In akwai, kin ƙaru, sai ki bi. In babu, kin tsamar da mai faɗa daga yi wa Allah ƙarya, wanda ba ƙaramin zunubi ba ne. Mu ma mu kiyaye harshenmu a kan 'ya'yanmu da surukanmu.

Allah Ya sa mu gane, amin.