Lexus LX 600 ko Range Rover: wacce ta dace da ƙasar Katagum?

A majalisunmu na Azare an sha yin gardama kan waɗannan jif guda biyu, kuma wasu 'ya'yan wannan masarauta da Allah Ya hore wa suna neman shawara kafin su zuba dukiyarsu. Ga abin da muke gani.

Dukkansu a ƙarshen 2021 aka fito da sabon samfurinsu. Range Rover ta Ingila, mai injin fulogi takwas, lita 4.4, tana da ƙarfin doki 523. Lexus LX 600 ta Japan fulogi shida ce, ƙarfin doki 409, giya goma, kuma ƙashin bayanta ɗaya da Land Cruiser 300. In gudu ake nema da laushin zama, Range Rover ta yi gaba. Ko a ruwa ma, kamfaninta ya ce tana ratsa zurfin santimita 90, Lexus kuwa 70.

To amma mota ba a ranar saye ake gane ta ba, sai ranar da ta tsaya. Range Rover a kan jakunkunan iska take tafiya, kwamfuta ke sarrafa su. Zafin bazara, ƙurar hunturu da ramukan hanyoyin ƙauyukanmu ba sa raga wa irin wannan. Idan jaka ɗaya ta huce a hanyar Gamawa ko Zaki, wane bakanike za a kira? Sai a ɗora ta a babbar mota zuwa Kano ko Abuja, a zauna jiran kaya daga waje. Ita ma LX 600 ba motar gyaran gindin bishiya ba ce, sai dai makanikanmu sun daɗe da sabawa da Toyota, kuma neman kayanta a Ƙofar Ruwa ya fi sauƙi. Ranar sayarwa ma, dillalai sun fi yi mata daraja.

Don haka mu dai Lexus muka zaɓa wa wanda zai riƙa zuwa gida, gona da zumunci. Wanda rayuwarsa ke Abuja, kuma yana da wata motar a ajiye, Range Rover ba za ta ba shi kunya ba.

Gargaɗi uku. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowacce cikinsu cika tankinta aiki ne. A yi lissafin shekara kafin a biya. A tantance takardun kwastan, musamman in ta kwatano ce. Sannan kada santimita 90 ta ruɗi kowa: ambaliyar daminar 2024 kwalta ta yanke a hanyar Kano zuwa Maiduguri, nan yankinmu. Babu jif da ke ƙetare hanyar da ruwa ya cinye.

Allah Ya sanya albarka a abin hawa, Ya tsare mu sharrin ƙarfe.