Zaga Duniya: Wida, gari mai shiru a bakin teku

Kowace shekara, in an gama ɗaure dammunan hatsi an sa a rumbu, samari da magidanta na Gidan Sori da Gidan Runji, har Agye da Gazawa, sukan ɗauki jaka su tafi cin rani. Wasu Kano, wasu Legas, wasu kuwa sai Kwatano, birnin kasuwancin ƙasar Benin, wadda ake kira Dahome kafin 1975. Tafiya ce mai nisa. A bi ta Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi zuwa Doso, a gangara Gaya, a ƙetare kogin Kwara a shiga Malanbil. Daga Malanbil zuwa Kwatano kaɗai ya fi kilomita 700. A shekarar 2023 an rufe iyaka a gadar Gaya, don haka mai niyyar tafiya ya fara tambayar halin da hanya take ciki, kuma ya riƙe takardunsa cikakku.

Abin mamaki, mutum yakan yi wata huɗu ko biyar a Kwatano yana dako ko talla ko gadi, ya komo gida bai san kome ba sai Zango da tasha da hayaƙin kabu-kabu. In an tambaye shi labarin teku, ya ce ya hango shi daga nesa. Alhali kilomita 40 kawai yamma da Kwatano, a kan hanyar Lome, akwai wani gari sunansa Wida. Wuni guda ya isa a je a komo. Kuɗin mota ba ya karya jari, kuma kuɗin can sefa ne irin na nan.

Sai dai zuwa Wida yana da lokacinsa. A watan Yuli da Agusta Turawa ke hutun shekara, su fito yawon buɗe ido. Wannan bai dami manomi ba, don a lokacin yana gona yana maimai. Sa'an nan wajen 10 ga Janairu mutanen ƙasar suna yin babban bikin addininsu na gargajiya, wanda suke kira Vodun. Gari ya cika maƙil, kiɗa dare da rana, abinci da masauki su yi tsada. In aka bari Janairu ya wuce, Fabrairu da Maris garin yakan koma shiru. Wannan kuwa shi ne tsakiyar cin rani.

Wanda ya ga Wida a irin wannan lokaci, da titunanta marasa hayaniya da tsofaffin gidaje masu rufin kwano, ba zai ce ta taɓa zama babbar kasuwa ba. Amma ta zama. Sarkin Dahome Agaja ya ci garin da yaƙi a 1727, don yana son ƙofar teku ta zama tasa. Ingila da Faransa da Fotugal kowa yana da barikinsa mai katanga a cikin garin. Na Fotugal, wanda aka gina a 1721, shi ya fi daɗewa a hannun masu shi. Sai a 1961 gwamnatin Dahome ta karɓe shi, daga baya aka mai da shi gidan tarihi. Abin da ya kwantar da Wida shi ne, bayan an daina cinikin da ya tashe ta, Faransawa suka gina wurin sauke kaya a Kwatano. Jirage suka koma can, ciniki ya bi su.

Kafin a ci gaba, ga gargaɗi ga makiyayi musamman, wanda hannunsa ke saurin kai sanda in ya ga maciji. A tsakiyar Wida akwai ɗakin da ake ajiye ƙananan mesa, daura da babbar majami'ar garin. Ba su da dafi, kuma mutanen garin suna girmama su ƙwarai. In ɗaya ta fito ta shiga gida, ɗaukarta ake yi a mai da ita. Baƙo ba dole ne ya shiga ɗakin ba, amma kada ya duki mesa a Wida, kada kuma ya yi ba'a.

Daga tsakiyar gari zuwa bakin teku kilomita 4 ne. Akwai kabu-kabu, amma mai lafiya gara ya taka da ƙafa, da safe kafin rana ta yi zafi. Wannan ita ce hanyar da aka riƙa kora bayi a ɗaure zuwa jirgi. Masana tarihi sun ce cikin shekara kamar 200, mutanen da aka fitar ta Wida sun fi miliyan 1. Ana musayarsu da taba da giya da bindigogi da yadi da wuri. Farin wurin da kakanni suka yi ciniki da shi a kasuwannin ƙasar Hausa, da yawansa ta irin waɗannan tashoshi ya shigo.

Wani zai ce, ina ruwan Bagobiri ko Bakatsine da wannan? Da ruwansa. A 1804 aka fara yaƙi tsakanin Sarkin Gobir Yunfa da jama'ar Shehu Usman ɗan Fodiyo. Alƙalawa ta faɗi a 1808, daga baya Gobirawa suka zo suka kafa Tsibiri, ga ta nan kusa. A cikin waɗannan shekaru an kama mutane ta kowane ɓangare, manomi da makiyayi da malami da almajiri. Wasu aka sayar da su kudu, hannu zuwa hannu, ta ƙasar Nufe da ta Yarabawa, har bakin teku. Wasu an ɗora su a jirgi a Legas, wasu a Badagiri, wasu a Wida. Mafi yawansu ƙasar Barazil aka kai su, yankin Bahiya, inda ake noman rake da taba.

Ba su kwanta ba. A 1807 hukumar Bahiya ta gano wani shirin tawaye na Hausawa, ta kama shugabanninsa. A 1809 da 1814 an sake tashi, da Hausawa a gaba. Mafi girma shi ne na Janairun 1835, a ƙarshen watan azumi. Yawancin masu shi Yarabawa Musulmi ne, da Hausawa a cikinsu. An murƙushe su cikin dare guda. Da aka binciki ɗakunansu, sai aka samu alluna da layu da takardu da rubutun Larabci. Ashe bayan wahalar wuni, suna taruwa a ɓoye, wanda ya iya karatu yana koya wa wanda bai iya ba.

Kusa da ƙarshen hanya ana ƙetare wani tabki mai ruwan gishiri. A nan ƙauyen Jegbaji yake, inda mata ke yin gishiri da rani. Su kankaro ƙasa mai gishiri, su zuba a babban kwando, su kwarara ruwa a kai. Ruwan da ya tsiyaye shi ake dafawa har ya ƙafe, gishiri ya fito fari. Wanda ya taɓa ganin yadda ake yin gishirin Foga a yankin Gaya zai gane aikin nan take. Dabara ɗaya ce, wahalar itace ma ɗaya ce.

Sai teku. A bakinsa akwai wata babbar ƙofa da aka gina a 1995 don tunawa da waɗanda aka tafi da su, ana kiranta ƙofar da ba a komowa. Gwamnatin Benin ta sa kuɗi da yawa wajen gyara wurin saboda baƙi, amma a lokacin da ba kowa, in mutum ya ɗan matsa gaba, ba abin da zai ji sai rugugin ruwa da iska cikin itatuwan kwakwa. Wida ba ta da wurin da jirgi zai matso gaɓa. Can nesa jirage ke tsayawa, a kai musu mutane cikin kwalekwale. Igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi har sai da Turawa suka riƙa ɗauko matuƙa daga ƙasar da ake kira Gana yanzu. Duk da haka kwalekwale yakan kife, wanda ke ɗaure kuwa ba shi da ta yi.

Ruwan nan bai sake hali ba. Yaron da ya iya iyo a Gulbin Maraɗi da damina kada ya ɗauka ya iya teku. Igiya in ta bugi gaɓa, komawa take yi ta ƙasa, ta zare rairayi daga ƙarƙashin ƙafa, ta ja mutum. Ruwa iya gwiwa ya isa ya tafi da ƙato. A tsaya a kan busasshen rairayi a yi kallo. In an yi sa'a za a tarar da masunta suna jan taru, mutum ashirin ko talatin a igiya ɗaya, suna waƙa, kamar gayyar noma. Baƙon da ya sa hannu ba a korarsa.

Ba duka ne suka tafi ke nan ba. Bayan 1835 hukumar Bahiya ta koro wasu ƴantattun bayi, wasu kuma suka biya kuɗin jirgi da kansu suka komo wannan gaɓa. Jikokinsu suna nan a Wida da Legas, ana kiransu Aguda, da yawa suna ɗauke da sunaye irin na Fotugal. Musulmin cikinsu a unguwar Maro suka zauna, suka gina masallaci. Wanda ya komo daga bakin teku da azahar, sai ya tambayi hanyar Maro ya yi salla, sa'an nan ya nemi motar Kwatano tun da sauran rana.