Wa Zai Ɗora Mana Sabis In Ya Karye?

Ya kai ɗan uwa ɗalibi mai karatu, kana sane da cewa mai sayen albasa a Aliero a yau ba ya ɗauko kuɗi a buhu. Ana loda mota, ya danna waya, kuɗi su faɗa asusun manomi, in da sabis ke nan. A farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, kowa ya ga yadda ciniki ke tsayawa cik daga Jega har Maiyama saboda saƙon banki ya ƙi shigowa. A ranar 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, sai ga bankuna a Nijeriya suna bai wa mutane haƙuri. To, ina Kwaddibuwa ina Jega?

Amsar ita ce, saƙon da ka tura yakan hau turken sadarwa na garinku, daga nan ya bi wayar gilashi da aka binne a gefen titi, ko ya tsallaka ta iska zuwa wani turken, har ya isa manyan na'urori a Abuja ko Legas, wani lokaci ma ya ƙetare teku. Kowace gaɓa akwai mai kula da ita. Shi ake kira injiniyan sadarwa, kuma a kan sana'arsa nake son mu yi magana, domin na ji ana ta gaya wa yara cewa ƙirƙirarriyar basira za ta cinye ta.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A da injiniya kan zauna ya saita na'urori ɗaya bayan ɗaya, yana buga umarnin da ya haddace. Yanzu manyan kamfanoni sukan rubuta shiri guda ya saita ɗaruruwa a dare ɗaya. Wanda bai iya komai ba sai haddar umarni, lalle kasuwarsa ta fara watsewa. Dubi yadda kayan ke canjawa: wayar salula ta shigo a 2001, layin NITEL ya zama labari, MTN ta ƙaddamar da 5G a 2022, Starlink ya iso a 2023. Duk wanda na'ura guda ya koya, tare za a jinginar da su.

Amma fa ni a ganina, mu mutanen wannan yanki bai kamata a tsorata mu ba, don muna da misali a gida. Daga nesa ake kawo masu karaya Aliero. Maɗori ba haddace sunan ƙashi kawai ya yi ba. Yakan shafa, ya tambaya, ya gano inda ya karye kafin ya ɗaure. Haka injiniyan ƙwarai yake. Sabis ya ɗauke, sai ya bi a hankali: wuta ce, waya ce, ko saiti ne? Wannan bin diddigin shi ne jarin, kuma ba a samunsa sai an san tushe, wato yadda ake raba adireshin IP, da lissafin sifili da ɗaya, da yadda saƙo ke zaɓen hanya. Kar ka raina darasin lissafi, malam, nan za ka neme shi.

Abu na biyu, wanda masu tallan kwas ba su cika faɗa ba, shi ne wuta. Turken sadarwa a ƙasarmu da janareta da batir da sola yake rayuwa. Zafin Afrilu yana wuce digiri 40 yana gajiyar da batir, ƙurar hunturu tana rufe fuskar sola, man gas yana ƙarewa ko a sace shi. Sau da yawa in ka ji an ce babu sabis, ba wata ƙwaƙwalwar na'ura ce ta ruɗe ba, wuta ce ta yanke. Na'ura mai ƙwaƙwalwa da ke Legas za ta iya sanar da cewa turke kaza ya mutu, amma ba za ta hau babur ta je ta canja batir ba, ba kuma za ta haɗa wayar gilashin da katafila ta tsinke wajen aikin hanya ba. Gwamnatin tarayya ta bayyana shirin shimfiɗa irin wannan waya kilomita 90,000 a 2024. Ko rabi aka yi, wa zai riƙa ɗora ta? Yaron da ya iya sola da haɗa waya, ya kuma san tushe, shi ne za a nema.

Sai Turanci, don littattafan na'urorin da shi aka rubuta su, da ɗan yaren Python na rubuta shiri. Takardar CCNA ta kamfanin Cisco tana buɗe ƙofa, amma wurin ɗaukar aiki na'ura za a ajiye maka a ce gyara. Sai amana, domin mai kula da sadarwar banki ko asibiti yana riƙe da makullin sirrin mutane, kuma sau ɗaya ake kama shi.

Ban ce aljanna ce ba. Manyan albashi suna Legas da Abuja. A nan galibi da 'yan kwangila ake farawa, kuɗi kaɗan, ga kiran dare, ga hanyoyin da ba kullum suke da lafiya ba. 'Yan uwa mata kuwa kada su ce aikin hawa ƙarfe ne. Sa ido a kan na'urori da tsaron bayanai a zaune ake yin su.

Wurin koyo bai yi nisa ba. Ga jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero tun 2006, ga kwalejin fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi. Kafin ka kai can, manhajar Packet Tracer kyauta Cisco ke bayarwa, a cikinta za ka haɗa na'urori ka ɓata ka gyara ba tare da ka ƙona komai ba. Tun 2015 kuma JAMB da kwamfuta ake rubuta ta, kowace cibiya tana da mai haɗa mata kwamfutoci. Je ka gaishe shi a wannan hutun, ka roƙe shi ya bar ka ka riƙe masa waya.