Laimar da ke bayan jirgin yaƙi: Birki ne da ke neman kulawa

Duk direban da ya taɓa ɗaukar shinkafa daga Kura ko tumatir daga gonakin rani na Bunkure da Madobi ya san cewa mota mai kaya ba ta tsayawa nan take, kuma birkin da aka matsa masa yakan yi zafi ya saki. Irin wannan matsala ce ke sa wasu jiragen yaƙi buɗe laima a bayansu da zarar tayoyinsu sun taɓa ƙasa.

Rundunar Sojin Saman Najeriya tana da irinsu. Akwai F-7Ni ƙirar Sin, wanda ya samo asali daga MiG-21 na Tarayyar Sobiyet, sannan akwai JF-17 guda uku da aka karɓo daga Pakistan, aka ƙaddamar a Makurɗi a watan Mayun 2021.

An ƙera fukafukan waɗannan jirage domin tsananin gudu, saboda haka tilas su sauko da saurin da ya haura kilomita 200 a sa'a. A daƙiƙun farko fukafukan suna nan suna tallafe da jirgin, nauyinsa bai gama sauka kan tayoyi ba, birki kuwa ba ya kamawa sosai sai da nauyi. A daidai lokacin ne laima ta fi ƙarfi, domin iska tana ƙara janta gwargwadon gudun jirgin. Idan gudu ya ragu sai matuƙi ya sake ta, birkin taya ya ƙarasa aikin.

Jiragen fasinja kan juya ƙarfin injinsu gaba su rage gudu, amma na'urar tana da nauyi. Laima kuwa ba ta cin wuri. Ƙasar Norway ma ta sanya ta a jiragenta na F-35 saboda santsin ƙanƙara. A Arewa damuwar ita ce zafin bazara, wanda ke sa iska ta yi sakayau har jirgi ya buƙaci ƙarin gudu da dogon titi, sai kuma ruwan damina da ke kwanciya a kan kwalta.

Darasin da ke ciki ya shafi masu tsara kasafi. Kowace sauka sai an ɗauko laimar, ƙwararru su duba ta su naɗe, kuma tana da adadin saukar da za ta yi kafin a jingine ta. Idan ta ƙi buɗewa, ran matuƙi da jirgin biliyoyin naira sun dogara ga birki da tsawon titi. Yayin da Najeriya ta ƙulla cinikin jiragen M-346 guda 24 daga Italiya, ya dace 'yan majalisa su riƙa tambayar nawa aka ware wa kayan gyara, horar da makanikai da kula da titunan sauka, domin da su ne jirgin da aka saya yake komawa gida lafiya.