Karen Roba Ya Fi Jarumanmu Hali

A Japan har jana'iza ake yi wa Aibo, mutum-mutumin karen nan da Sony ya fitar a 1999. Da kamfanin ya daina gyaransa a 2014, masu shi suka riƙa kai waɗanda suka lalace wurin bautar Buddha, a yi musu addu'a. Kowa gani yake nasa daban ne: wannan mai shagwaɓa, wancan ɗan rigima. Alhali karkata kai da kaɗa wutsiya suka gani, suka ba shi hali.

Mu fa, 'yan'uwa marubuta? Shafi uku muna jero "fara ce, doguwa, mai tarbiyya", a rufe littafi ba a san ta ba. Ko mun kashe ta a babi na goma, wa zai yi mata kuka?